Ƙofar da Ke Buɗe Kanta a Jabi

Ƙofar gidan ta sake buɗe kanta bayan magariba. Fitilar falo ta kama, na'urar sanyi ta tashi. Babu wanda ya shigo.

Surayya tana zaune kan darduma, ko juyawa ba ta yi ba. Tun da mijinta Nazir ya rasu a hanyar Kaduna haka ake yi kullum, daidai lokacin da yakan dawo daga ofis. Nazir ne ya sa aka haɗa komai na gidan da wayarsa, wayar kuwa ta farfashe a hatsarin. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai da yayarta Mashkura ta zo ta gani da idonta, ta kira mai gyara washegari.

Bello mai gyara ya daɗe yana latse-latse a kwamfutarsa.

"Hajiya, ba aljani ba ne, ba ɓarawo ba ne. Wanda ya yi muku aikin nan lambar sirri ɗaya ya saka wa duk gidajen layin. In maƙwabcinku ya dawo aiki ya latsa wayarsa, ƙofarsa da taku tare suke buɗewa, fitila da na'urar sanyi ma su kama. Shi ma bai sani ba."

"Innalillahi!" in ji Mashkura. "Ashe kowa ma zai iya shigo mata! Canza ta yanzu."

Ta bayan katanga suka jiyo matar maƙwabcin tana yi wa mijinta sannu da zuwa.

"Malam Bello," Surayya ta ce, idonta a ƙasa, "bar ta haka, sai na fita takaba."