Shatin Yatsa a Jikin Randa

Randar yayar ta sake zubewa a kan faifai mai juyawa, yumɓu ya fantsamo mata har fuska. A gefe kuwa randar ƙanwarta na tsaye ɗanya, ta kai ƙugu, alhali bana ta fara koyo.

"Hannun yarinyar nan daban ne," in ji malaminsu, ya ja ƙanwar suka fita.

Yayar ta miƙe. Ta matsa, ta danna yatsa a jikin randar ƙanwar har ta lotsa.

Ranar da za a gasa randunan, yayar ta tarar shatin yana nan, ba a shafe ba.

"Ba ki gan shi ba ne?" ta tambayi ƙanwar.

"Na gani, Yaya. Tunda na zo, ranar kaɗai kika taɓa aikina."