Akanta da Kamun Ƙafa

Ajiye wayar nan haka, ɗana. Tun zamanka sau tara ka duba ta, ina kallonka. Tsaya in ba ka misali da wani akanta.

Mutumin nan shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki a wani kamfanin casar shinkafa, ba a taɓa kama shi da ko ƙwandala ba. Kamfanin ya durƙushe, ya koma gida ya yi wata bakwai a zaune, ga mata ga 'ya'ya uku. Sai wani banki ya yi tallar neman mai bincike, wanda zai riƙa bin takardun manyan 'yan kasuwar da ke hulɗa da bankin, ya tono inda aka yi rufa-rufa. Mutum sama da ɗari biyu suka nema. Aka yi jarrabawa aka tankaɗe, aka yi intabiyu aka rairaye, har suka rage su uku. Ran zama na ƙarshe, shugabar sashen, wata mata mai tabarau da ba ta cika fara'a ba, ta rufe fayil ta ce masa zai ji daga gare su nan da mako biyu.

To, mako biyun nan su suka hana bawan Allah sakat. Ya wanke kaftaninsa mai kyau ya goge ya rataye, bayan kwana uku ya sauke ya sake gogewa. In an ɗauke wuta, da sassarfa yake tafiya shagon mai caji, ya tsaya a kan wayar kamar za a sace ta. Ko masallaci ya shiga, tana aljihun gaba don ya ji motsinta. Kira ya shigo, ya zabura ya miƙe ya gyara murya, ashe surukarsa ce ke tambaya ko an kira. Tuwo ya daina wuce masa. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa ƙofar gida, ya dawo, sai ka ce kaza mai neman wurin saka ƙwai. Mako biyu suka cika, shiru. Na uku ya shiga, shiru. Ya aika saƙo, aka amsa masa da layi ɗaya, wai ana kan aiki, ya ƙara haƙuri. Layin nan ya karanta shi ya fi sau hamsin, tsoro kuwa ya cika shi fal. 'Yan majalisarsu suka ƙara masa gishiri, suka ce shi dai bai san ƙasar nan ba, wa ke samun aiki ba kamun ƙafa? Yana nan yana gugar kaftani, wani zai cusa nasa ɗan. Maganar ta shige shi.

Akwai wani Alhaji dillalin taki, ɗan garin mahaifiyarsa, wanda in ya shiga bankin nan har manaja ke fitowa tarbarsa. Akanta ya sa hula ya tafi, ya cire takalmi ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya faɗi buƙatarsa. Alhaji na jin an ce kujerar mai bincike ce, sai fuskarsa ta washe. Da akanta na cikin hayyacinsa, da wannan fara'ar kaɗai ta ishe shi gargaɗi, amma ina! Nan take a gabansa Alhaji ya ɗaga waya ya kira manaja, ya ce, "Yarona ne, a kula min da shi." Akanta ya fito ransa fes, har ya tsaya ya yi wa yara tsarabar tsire.

Kwana biyu tsakani waya ta yi ƙara, wannan karon shugabar sashen ce da kanta. Ta ce masa takardar ɗaukarsa kwana goma sha tara ke nan tana kan teburinta, shi ne ya zo na ɗaya, sa hannun darakta kawai ake jira, shi kuwa ya tafi Umara, jiya ya sauka. Sannan ta ce, "Fayil na farko da na ware zan ɗora maka, na Alhajin nan ne da ya kira manaja a kanka. Yaya zan ba yaron mutum binciken ubangidansa? Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ya buɗe baki zai rantse cewa sau ɗaya tak ya taɓa taka gidan, ta riga ta kashe.

Wallahi har yau in na tuna sai takaici ya kama ni, don mutumin kirki ne, kuma ya iya aikinsa. Ba maƙiyi ne ya yi masa ba, ba wani ɗan gata ne ya ture shi ba. Da ƙafarsa ya je, da bakinsa ya roƙa. Kwana biyu kacal suka rage masa ya gaza jira, sai da ya ƙara shekara biyu cur a gida kafin ya sake samun kujerar zama.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.