Kan Raken da Aka Hana Masu Yanka

Labarin nan ya zo mini ta hanya biyu. Mai gonar yana cewa injin da aka sayar masa ne ba shi da inganci, kuma haka yake gaya wa duk wanda ya tambaye shi. Direban injin kuwa ya ba ni wani bayani dabam, kuma nasa na riƙe, domin shi ne a kan kujera ranar da abin ya faru, sannan bayanin nasa bai wanke shi kansa ba. Mutum ba ya ƙirƙiro ƙaryar da za ta shafa masa laifi. Na rubuta shi ne dominka, Alhaji Mamuda, tunda na ji ka aika a sayo maka irin wannan inji, kana cewa daga bana ka huta da 'yan ƙwadago.

An yi wani mai gonar rake a fadama, kadada sittin, wadda ya gada. Kowane rani masu yanka sukan sauko masa daga ƙauyukan tudu. A da sukan kai mutum ɗari da ashirin. Sai samari suka fara watsewa, wasu haƙar zinariya, wasu birni, har aka wayi gari saura arba'in, yawancinsu masu furfura. Saboda haka da ya sayo injin yankan rake ba wanda ya ga laifinsa, ni ma ban gani ba. Laifin yana wani wuri. Tun zamanin mahaifinsa akwai al'adar da ba a taɓa rubutawa ba: kan rake, wato ɗanyen ganyen saman da ake datsewa a yar, na masu yanka ne, su ɗaure dami-dami su kai wa shanun nomansu su ci rani da shi. Su kuma kafin su koma gida sai su shiga magudanan ruwan gonar da shebur su yashe su tas, ba tare da wani ya umurce su ba. A shekarar farko ta injin, ya bar mutanen nan su yanke gefe-gefen da injin ba ya kaiwa. Da aka gama suka tattara kan rake kamar kullum. Sai ya sa aka tare su a ƙofar gona, aka sauke damman daga kansu da kan jakunansu. Shugabansu, dattijon da ya yi wa gidan nan yanka shekara talatin da ɗaya, ya ce, "Alhaji, ai ganye ne, ba rake ba." Ya ce, "Gonar tawa ce, har ganyen." Mai gonar ba shi da ko akuyar da zai ba. Ya sa aka cinna wa tulin wuta a gaban idonsu, don kawai su san zamani ya canja. Suka juya suka tafi, ba wanda ya ɗauki shebur.

Damina ta zo, magudanai suka cika da laka da ciyawa, ruwa ya kwanta a ƙasan gonar bai sami hanyar fita ba. Da rani ya dawo saman ƙasa ya bushe ya tsattsage, ƙarƙashi kuwa taɓo ne. Rake akan sa masa wuta kafin yanka don ganye ya ƙone, kuma da zarar ya sha wuta kwanakinsa ƙidayayyu ne, in ba a kai shi wurin matse ruwansa ba sai ya yi tsami. Masu yanka ba su taɓa ƙona fiye da abin da hannunsu zai gama a kwana biyu ba. Shi kuwa, da yake ya dogara da ƙarfin inji, ranar Litinin ya ƙone kadada sittin ɗin gaba ɗaya. Ranar Talata da hantsi direba ya ga ƙasa ta yi baƙi a gabansa, ya san alamar ruwa ce, amma ya tuna abin da aka yi wa dattijo a ƙofar gona, bai gaya wa mai gona ba, ya ci gaba. Injin ya nutse har ciki. Tarakta biyu suka yini suna ja, igiyar ƙarfe ta tsinke, bai motsa ba. Ranar Laraba mai gona ya tura mota ƙauyukan tudu a kwaso masa masu yanka. Motar ta dawo da mutum shida da saƙon dattijon: "Ka gaida Alhaji. Ka ce masa shanun mun sayar, tunda ba abin ba su. Da shanu suka tafi noma ya gagara, yaran ma suka bi hanya. Ni kuma bayana ya ƙare." Ranar Asabar masu matsa suka ɗanɗana ɗan raken da aka samu aka yanka suka mayar da shi. Sauran ya tsaya baƙi ƙirin a gona yana warin tsami, ƙudaje suna bi.

Abin da ke ƙona mini rai, Alhaji, ba asararsa ba ce, don shi ya saye ta da hannunsa. Ƙauyuka uku ne suka rasa shanun noma saboda ganyen da aka gwammace wuta ta ci, kuma har yau mutumin nan injin yake zagi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Waɗanda suke wurin lokacin da direban ya ba ni wannan bayani su ne Malam Zubairu Makera, Sarkin Noma Jibo, Barau mai gyaran tarakta, da Hajiya Kulu Dillaliya.