'Yar Shelar da Aka Ƙara wa Murya

Tunda ka ce ka gaji da aikin da ba wanda ke gani, zauna ka ji wannan misali.

An yi wani mutum a wani gari na kan tudu, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda tun yana saurayi son rediyo ya kama shi. Ba irin wadda ake kunnawa a ji labarai ba, irin wadda mutum kan yanki lasisi, ya kafa eriya a gidansa, ya riƙa magana da masu sha'awa irin tasa a wasu ƙasashe. Yana cikin abin ya yi aure, yana cikinsa ya aurar da 'ya'ya, har furfura ta rufe kansa. Da hira ta fara gundurarsa, sai ya tattara sha'awarsa a kan wata 'yar na'ura da ya haɗa da hannunsa cikin gwangwanin madara. Ba ta da aiki sai faɗin lambar tasharsa da ƙit-ƙit irin na bugun waya na da, ta yi shiru, ta sake faɗi, rani da damina. Wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan tocila ba. Shi ya sa mata suna 'yar shela.

Ƙanƙantar muryar nan kuwa ita ce amfaninta. Gajeren zango ba kullum yake kai saƙo nesa ba. Sama takan buɗe masa hanya, takan kuma rufe, ba sallama. Duk wanda ya jiyo 'yar shela daga hayin hamada ko bayan teku, ya san hanya ta buɗe sosai, tunda har mai raunin murya ta ratso. Sai ya kunna tasa na'urar ya yi kira, da tabbacin za a ji shi. Kamar sandar da masu fito kan kafa a mashigi ce don gane zurfin ruwa: ba wanda ke duban kyanta, rashin motsinta ake so.

Sai aka shiga irin shekarun nan da hanyar kan toshe. Masu harkar sun san da su, sun san sukan zo su wuce, amma sanin abu daban, zama cikinsa daban. Wata ya bi wata, ba wanda ya ce ya ji ta. Shi kuwa kullum yana goge farantin sola, yana duba ruwan batir, yana hawa tsani da gwiwoyin da suka daina shiri da tsani, don ɗaure wayar da iska ta kwance. Rannan ya sauko yana haki, matarsa tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce, "Malam, ko mai tallan ƙuli-ƙuli in ba ta ɗaga murya ba, da kayanta take komawa gida. Taka 'yar tallar raɗa take yi." Ya yi dariya, amma maganar ta samu wurin zama. Ba yabo yake nema ba. So yake kafin a kai shi makwanci ya tabbatar ba da bango ya ƙare rayuwarsa yana magana ba. Ya je kasuwa wurin masu tsofaffin kayan lantarki, ya sayo akwatin ƙara ƙarfi, ya jona mata. Bai sanar da kowa ba. Ya ce wa ransa na ɗan lokaci ne.

Nan da nan labari ya fara zuwa: an ji ta can, an ji ta can gaba. Tuwo ya koma yi masa daɗi. Ana nan, wata la'asar, wani tsohon abokinsa, Bahaushe mazaunin Sudan, wanda suka yi shekara da shekaru suna gaisawa ta rediyo ba su taɓa ganin fuskar juna ba, ya kira shi a wayar hannu, abin da bai taɓa yi ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, me kake ba yarinyar nan take ci, muryarta ta buɗe haka? Muna jin ta raɗau, mu yi ta kira har makogwaro ya bushe, ko tari ba a mayar mana. Ni na ɗauka eriyata ce ta lalace. Na sauke ta, na yanke, na ƙara, na sake yankewa. Eriyar da take yi mini hidima tun ina da haƙora, yanzu ko igiyar shanya ba za ta yi ba." Tsohon ya juya ya dubi akwatin da ya jona. Abokin ya jira kaɗan, ya gano abin da ya faru, ya ce, "To, Allah ya ba mu lafiya," ya kashe.

A ranar ya cire akwatin ya tura ƙarƙashin gado. Amma masu wannan harka ba su da yawa, magana ba ta daɗewa ba ta zagaye su ba. Da shekarun suka juya, hanya ta buɗe da gaske, irin buɗewar da ya daɗe yana jira, 'yar shela da 'yar muryarta ta asali ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba. Waɗanda suka ji ta suka taɓe baki, suka ce tsoho ya sake jona akwatinsa, suka murɗa gaba neman wata da za su yarda da ita. Ba wanda ya ko ɗauki waya ya gaya masa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba akan samo rama.