Mai Haɗa Magani a Teburin Mai Shayi

To, ku 'yan ajin ƙarshe, tun da na ce yau darasin sana'a za mu yi na ga kun fara hamma, wai ku masana haɗa magunguna ne, ba 'yan tireda ba. Madalla. Ku rufe littattafan nan, in ba ku misalin wani da ya taɓa zama a kan irin kujerun da kuke kai.

Da ya gama karatu ya karɓi lasisinsa, sai ya koma garinsu, wani gari na bakin babbar hanya inda manyan motoci ke yada zango. Kawunsa, dillalin hatsi, ya ba shi aron shago bisa sharaɗi ɗaya: in kaka ta yi bai tsaya da ƙafafunsa ba, ya kwashe kwalabensa a zuba masara. Bawan Allah ya share shago, ya jera magunguna tsaf, ya sa farar rigarsa da ta sha guga, ya harɗe bayan kanta yana jiran mai takardar likita. Kuskuren ke nan da sai ɗan makaranta ke yi. A asibitin koyarwa ya saba marar lafiya ne ke bin layi ya same shi, sai ya ɗauka haka duniya take. Damina ta sauka, masara ta tsiro har ta kai gwiwa, shi kuwa ban da ƙudaje babu mai leƙo shi. Kawun kaɗai ke tsayawa in zai wuce, ya ƙare wa shagon kallo daga ƙasa har rufi, kana gani ka san lissafin buhunan da zai ci yake yi.

Wata safiya ya shiga tasha shan shayi, ya tarar an kewaye wani ƙaton direban tirela a kan benci, bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya saki. Jama'a na cewa iska ce ta buge shi. Shi ya gane hawan jini ne, ya sa aka garzaya da mutumin asibiti. Da ƙura ta lafa sai ya tsaya ya dubi sauran direbobin da kyau. Mutane ne masu kwana a kan sitiyari, ga taba, ga goro, in kai ya sara su sayi ƙwaya a farantin mai talla wadda rana ta gama gasawa. Ba ƙin lafiya suke ba. Wanda ya yi lodin tumatir zuwa Legas ba shi da wunin da zai ɓata a layin asibiti. Tausayi ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi: ashe masu bukatarsa suna nan kusa da ƙofarsa, shi yana can yana korar ƙuda.

Washegari ana idar da sallar asuba ya ɗauko na'urar awon jini, ya roƙi mai shayi ya ba shi gefen tebur, ya ce awo kyauta ne. Me za a yi in ba dariya ba? 'Yan kamasho suka ce likita ya koma sayar da shayi. Abokan karatunsa da labari ya kai musu suka ce ya zubar da mutuncin farar riga. Ya toshe kunnensa. Wanda ya ga jininsa ya hau, ba ya ɗora shi a kan magani da ka. Sai da ya je ya shawo kan likitan garin ya riƙa ganin direbobi da sassafe kafin su ɗauki hanya. In sun dawo da takarda, ya haɗa wa kowa magani daidai tafiyarsa zuwa da dawowa, ƙunshi biyu, na safe da zanen rana, na dare da zanen wata. Wanda kuwa ya nemi ƙwayar hana barci, ko me zai bayar, sai dai ya tafi da haƙuri. Wasu suka yi fushi suka tafi, amma da suka ga 'yan uwansu sun daina ciwon kai da jiri, da ƙafarsu suka dawo. Kun san bakin direba ba ya shiru. Labarinsa ya bi hanya tasha tasha, mutum ya zo da kansa, gobe ya kawo maiɗakinsa, jibi ya kawo tsohuwarsa.

Masara ta bushe, aka girbe. Kawun ya taho da mota shaƙe da buhuna, ya rasa inda zai tsaya, don tireloli sun cika bakin titi. A ƙofar shagon layi ne har ya sha kwana, kuma direban nan da ya faɗi, ga shi da sandarsa yana jan ƙafa, shi ke tsara mutane. Kawun ya sauko daga mota ya ƙare wa layin kallo. Can ya kutsa ciki ya ce, "Ɗana, a fasa bangon nan a haɗa maka da na kusa. Masara ta nemi wani wuri." Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa. "Ni ma auna ni."

Har yau in na tuna wannan sai zuciyata ta yi fari ƙal. Ku lura, ilimin da ke kansa ranar da yake korar ƙuda shi ne dai a kansa ranar da aka fasa bango, ko harafi bai ƙaru ba. Tashi kawai ya yi daga kujera. Saboda haka mai hamma ya ci gaba da hammarsa, amma ya sani Bahaushe ya riga ya gama magana: zomo ba ya kamuwa daga zaune.