Hannun Iya Delu

Tun da aka kafa dokar annoba, ƙofar ɗakin jego ba ta buɗewa sai ga mai koren tambarin riga-kafi a hannu. Kakata Iya Delu ba ta da shi.

"Allura ta yara ce," ta sha faɗa.

Da na haihu, ta zo da kunun kanwa, ta tsaya bayan gilashi tana leƙen ɗana.

"Angona, ko gaisuwa babu?"

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙa wa ma'aikaciya hannu. "To, yi mini, in ɗauke shi."

Matar ta ji tarin Iya, ta ja baya.

"Iya, ba a yi wa wanda ya riga ya kamu."

Aka tafi da ita wurin killace masu cutar. Kunun ya huce a bakin ƙofa.