Ruwan da Ke Dawowa da La'asar

Shekara biyu ke nan da aka haƙa mashigar da ta jawo teku har fadamar Tudun Gawo, don jiragen kaya. Tun daga nan, kullum sai ruwa ya cika fadamar sau biyu, ya janye sau biyu.

Da hantsi Hansatu ta kai wa mahaifinta, Malam Barau, fura. Ta tarar da shi durƙushe cikin laka, yana dasa albasa inda ruwa ya janye.

"Baba, ka sake? Kafin la'asar fa zai dawo."

"Ke, tafi can! Shekara hamsin ina bin ruwa da dashe. In ya sauka, ya sauka ke nan sai wata damina."

"Wannan ba na damina ba ne, Baba. An ce wata ne ke jan sa."

"Wata? Da rana tsaka?" Ya dubi sama, ya ja tsaki.

Ta zauna a kan tudu tana kallon gishirin da ya bushe a ƙafafunsa, fari fat kamar ya taka toka.

Ana kiran la'asar ruwan ya taho a hankali, ya haɗiye fangalin farko, ya haɗiye na biyu. Malam Barau na tsaye da ragowar dashen a hannu, ruwa har gwiwa.

"Gobe ki zo min da wani irin," ya ce, bai juyo ba. "Na ga alamar ruwan ya kusa gajiya."

Ta ɗauki ƙwaryar furar da bai taɓa ba.

"To, Baba."